Mi za mu kira science-fiction da polar a Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa marubuta, ina neman taimakonku. Akwai gajeren labari da nake ta juyawa shekara da shekaru, tun yana cikin kaye da bik har ya koma waya, yanzu ya kusa fita amma na rasa abin da zan sa ƙarƙashin sunanshi. A lakwal science-fiction (labarin da aka gina kan kimiyya) da polar (labarin binciken laifi) muka sani, to mai karatu a Tibiri ko Gidan Rumji mi zan ce mishi?

Labarin ga a Maradi yake faruwa nan gaba, lokacin da Gulbi ya daina kawo ruwa ko da damina, na'ura ke raba ma unguwanni ruwa, sai aka wayi gari mai gadinta ya ɓace kuma ƙofa a kulle ta ciki, wata jandarma ke binciken.

Yayata ta ce in sa almarar kimiyya. Yaya ki yi haƙuri, ban yarda ba, don almara tana jawo aljanu da zoben sihiri, ni kuwa duk gyaran da na yi shekarun nan cire irin wannan ne. A rubutun farko na'urar ce ke faɗin mai laifi a shafin ƙarshe, na soke shi, saboda in na'ura za ta iya komi ba dalili to mai karatu ba ya da abin da zai kama ya yi tunani da kanshi, dole in shimfiɗa tun farko mi take iyawa mi ba ta iyawa, sannan in ɓoye alamun a fili inda mai lura zai gani.

Wani malami ya kawo ƙagen kimiyya. Malam Allah ya ƙara sani, ƙagaggen labari daidai ne a littafi, amma ƙage shi kaɗai a bakin mutane sharri ne ake ma wani.

Ni hasashen kimiyya ya kwanta mini. Hasashe ba duba ba ne, daga abin da ke hannu ake hango na gaba, kuma yana iya kuskure. Wayar da ake shafawa da yatsa abin mamaki ce a kayena na farko, yau ga ta ko'ina a babbar kasuwa, sai da na sake wurin gaba ɗaya. Su ma Turawa ba dare ɗaya suka samu tasu kalmar ba, Hugo Gernsback, wani mai buga mujallar irin labaran nan a Amurka, scientifiction yake cewa a 1926, sai 1929 ya koma science fiction. Mu kuma muna da irin labarin tun 1969 da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, suna ne kawai bai zauna ba.

Polar kam bai ba ni wahala ba, bin sawu. Kowa ya san yadda ake bin sawun ɓarawon shanu, ana karanta ƙasa har a kai ƙofar gida, aikin jandarmata kenan.

To abin da zan sa a bango: gajeren labarin bin sawu na hasashen kimiyya. Ya ɗan yi tsawo, wanda ke da mai gajarta ya kawo kafin in kai wurin bugawa, don Allah.