Wai da gaske gani ya kori ji?

Ɗan Fagge: Jama'a jiya saura kaɗan a ba hammata iska a gidan kallo kan fenariti. Da idona na ga an kwashe ƙafar yaron nan, na kusa da ni yana rantsuwa wai faɗuwar ganganci ce, talabijin ɗaya fa muke kallo. Gani ya kori ji, ƙarya yake kawai

Maman Ummi: Shi wane kulob yake yi, kai wanne kake yi?

Ɗan Fagge: Hajiya wannan ba ya cikin magana

Malam na Gwale: Ai ita ce maganar gaba ɗaya ƙanina. A 1951 jami'ar Princeton da ta Dartmouth sun yi wani wasa mai zafi a Amurka, daga baya aka nuna wa ɗaliban kowacce fim ɗin wasan aka ce su ƙirga keta, 'yan Princeton suka ga ta Dartmouth ta ninka tasu har da ɗori, su kuma 'yan Dartmouth suka ga kusan kunnen doki. So hana ganin laifi kenan

Na Kurna: Malam wannan son kai ne, ba ruwan ido. Sun gani sarai, faɗa ne ba za su yi ba

Malam na Gwale: To ga wanda ba kulob a ciki. A 1999 masu bincike Simons da Chabris a jami'ar Harvard sun sa mutane kallon bidiyo, aka ce su ƙirga sau nawa masu farar riga suka miƙa wa juna ƙwallo, ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabi ba su gan shi ba sam. Me za su ci in sun ɓoye biri? Hankali ne ya tafi wani wuri

Maman Ummi: Ni rigar nan da hotonta ya yaɗu a intanet a 2015 ce ta gama da ni wallahi, ina ganin fari da ruwan gwal ƙanwata na ganin shuɗi da baƙi a waya ɗaya, har na zata tsokana ce, ashe ita ce da gaskiya. Wai ƙwaƙwalwa ce ke kintatar irin hasken wurin ta gyara kalar da kanta. Shi ya sa a Kwari ba na biyan kuɗin atamfa sai an fito min da ita rana

Alhaji na Ƙofar Mata: Ku dai bi a hankali, kar gobe mai adaidaita ya buge mutum ya ce ai kowa da yadda ya gani. Rigar ma ai tana da kalarta ta gaskiya ko?

Na Kurna: Yauwa Baba, abin da nake faɗa kenan

Malam na Gwale: Tana da ita Baba, ban musa ba. Cewa na yi wanda ya ga ba daidai ba, ba lallai maƙaryaci ba ne

Ɗan Fagge: Duk na ji. Ga bidiyon nan na turo, ku duba a hankali

Na Kurna: Na kalla sau 3. Ko taɓa shi ba a yi ba

Ɗan Fagge: Kai dama ɗan kulob ɗinsu ne