3/4 da 6/8 ba abu ɗaya ba ne?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Shekara uku ina kaɗa fiyano da kunne a wani sutudiyo a Kano, sai bana na fara koyon karanta nota. Lambobin nan biyu na farkon layi su suka ɗaure mini kai. A lissafin makaranta ai 3/4 da 6/8 duk ɗaya ne. Jiya na sami takarda mai 6/8, na ce tunda lambobin sun fi girma bari in ƙara wuta. Malamina ya riƙe mini hannu, ya ce ko kare ne ya biyo ni? To wai ina ake rubuta saurin?

Tsohon Makaɗi:
Wa alaikumussalam. Ƙanena, ajiye lissafin makaranta a gefe, lambobin nan ba ruwansu da sauri. Ta sama tana gaya maka nota nawa za ka ƙirga a kowane ɗaki, wato tsakanin sandar tsaye da ta gaba. Ta ƙasa kuma irin notar: 4 baƙa ce mai sanda, 8 mai wutsiya ɗaya.

Gaskiyarka, kowannensu masu wutsiya shida yake ɗauka, amma rabon ya sha bamban. A 3/4 biyu-biyu ne sau uku: ƊAYA da, biyu da, uku da. A 6/8 uku-uku ne sau biyu: ƊAYA biyu uku, HUƊU biyar shida. Taka ƙafa ka ji. A 6/8 sau biyu kacal za ta sauka. Kunnenka ma ya san shi, kaɗe-kaɗen ganga da yawa na Afirka ta Yamma da 6/8 ko 12/8 ake rubuta su.

Uwar Kwaya:
Ɗana, saurin yana can sama da layin farko, galibi da Italiyanci. Adagio a hankali, Andante kamar tafiyar ƙafa, Allegro da hanzari. In ka ga hoton nota da 60 a gabanta, bugu 60 ke nan a minti, ɗaya kowace daƙiƙa. BPM ɗinku ne na sutudiyo, wato yawan bugu a minti. Sai dai a 6/8 notar takan zo da ɗigo, to manyan bugun nan biyu ake nufi. Sauke metronom, wato manhajar da ke buga maka saurin, a wayarka.

Sabon Ɗalibi:
Na gode Yaya, na gode Mama. Na duba, ashe 50 aka rubuta, da ɗigon. Ni kuwa jiya na haura 100.