Gwajin HIV: daga wace rana zan fara ƙirga?

Assalamu alaikum. Ma'aikatan lafiya, don Allah a taimaka min. Shara nake yi a wani asibiti a Tudun Wada, nan Kaduna. Ina cikin ɗaure leda, allura ta huda safar hannu ta soke ni a babban yatsa. Washegari aka ɗora ni kan PEP, wato maganin da ake sha don kare mutum daga kamuwa da HIV bayan irin wannan haɗari, tunda awa 72 ba ta cika ba, na sha kwana 28 cif. A sati na shida aka ɗiga jinina a tsinken gwaji, layi ɗaya ya fito, wato bai nuna cutar ba. Sai nas ta ce na tsinke sai kwana 90 ake sakankancewa, na ɗakin gwaje-gwaje kuwa kwana 45. To daga ranar allurar ake ƙirgawa, ko daga ranar da na gama maganin? Ɗaurin aurena saura wata biyu, barci ya gagare ni.