Neman kalma: me za mu kira loot box da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina juya wata kalma a raina, na rasa Hausarta da za ta kwanta mini. Kalmar ita ce loot box. Na riga na yi tambayar a nan, kun kuma kawo shawarwari.

Ga wanda ba ya buga gem: akwati ne a cikin wasan waya ko na kwamfuta, ka biya kuɗi ya buɗe, abin da ya faɗo shi ne rabonka. A PUBG Mobile da UC ake saye, a Free Fire da daimon (duka kuɗin cikin wasa ne), a wasan ƙwallon EA FC kuma yara na ce masa fak.

Abin da ya sa nake nema: ƙanena ɗan shekara 22 yana koyon gyaran waya a Dilimi. Daren Asabar, cikin sanyin nan namu na Jos, na tarar da shi ya duƙunƙune a rigar sanyi, waya dab da hancinsa. Wani saurayi ne a TikTok yake buɗe fak, allo ya yi walƙiya, katin Mbappe ya fito, ya daka tsalle yana ihu. Ƙanena ya maimaita bidiyon har sau huɗu a gabana. Washegari na gano naira 18,000 da yake tarawa don sayen mitar gwajin waya ta tafi a fak. Da Inna ta tambaye ni me ya saya da kuɗin, sai bakina ya mutu. Ba ni da sunan abin da zan faɗa mata.

Na karanta shawarwarinku, na gode ƙwarai.

Masu cewa "akwatin ganima", ku yi haƙuri, ban yarda ba. Fassara ce daidai, amma ganima sai an yi gumurzu ake samunta, tana da kwarjini. Nan babu gumurzu, katin banki ne kawai. "Akwatin kyauta" kuwa bai ma taso ba, tunda biya ake yi.

"Akwatin sa'a" ya fi kowanne daɗin faɗa, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Ai saƙon da bidiyoyin ke cusa wa samari ke nan. Mai bidiyo zai buɗe ɗari, ya yanke duk na banza, ya ɗora daƙiƙa 20 ɗin da ya dace. Mai kallo a Unguwar Rogo bai ga asarar ba, ihun murna kawai ya gani. Alhali tun 2017 Apple ya wajabta wa masu wasanni su bayyana yiwuwar samun kowane abu, Google ya bi sahu a 2019, kuma da EA, kamfanin da ke yin wasan ƙwallon nan, ya fara nuna nasa alƙaluman, an ga wasu manyan katunan da yiwuwar fitowarsu ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In muka sa masa suna sa'a, mun taya su talla da harshenmu.

Baba Malam da ya ce a kira shi "akwatin caca" kai tsaye, Allah ya ƙara girma, maganarka tana da tushe. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ma haka ta yanke a 2018, har EA ya daina sayar da makin buɗe fak a ƙasar a farkon 2019. Abin da ya hana ni ɗauka biyu ne. Akwai akwatunan da ake samu da wasa kawai ba tare da ko kwabo ba. Sannan na gwada kalmar a kan ƙanena, nan take ya toshe kunne, ya ce shi ba ɗan caca ba ne. Hukunci na malamai ne, ni suna nake nema wanda yaro zai iya furtawa da bakinsa.

Wata Hajiya ta kawo "canki-canka". Ya kusa sosai, sai dai a canki-canka kai ne kake canka, nan kuwa na'ura ce take canka maka.

Inda na tsaya shi ne "biri-a-sama", daga maganar da muka gada cewa ba a cinikin biri a sama. Ga birin can kana ganinsa a allon wani, yana ta tsalle, ka miƙa kuɗi, amma bai shigo hannunka ba. Kuma yana zama a jimla ba tare da an tilasta shi ba: "ya sayi biri-a-sama biyar", "albashinsa ya ƙare a biri-a-sama".

Jiya da magariba na koma wurin Inna na ce mata kuɗin a biri-a-sama suka tafi. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, ta ce a kira mata shi. Shi ma da ya ji kalmar shiru ya yi, bai musa ba.

Saura sunan su masu buɗe akwatunan a bidiyo. Na ji ana cewa "masu haska gem", kamar yadda muke cewa za a haska ƙwallo a gidan kallo. Wanda yake da wadda ta fi wannan, ya ajiye mana a ƙasa.