Shawarwari kan kai wa dangi ziyara a ƙarshen mako

Hira ce aka yi a majalisa bayan Isha'i, kan ma'aikatan birni da ba sa leƙa gida sai da salla ko rasuwa. Kusan kowa ya yarda cewa gaisuwar WhatsApp ba ta maye gurbin zuwa, tunda zumunta a ƙafa take. Wani malami ya kawo hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa mai son yalwar arziki da tsawon rai ya sada zumunci.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun yara. A tafi da su, a zagaya da su ɗaki ɗaki, a ce wannan gwaggonka ce, wancan kawunki ne, ga taubasanku. A bar kaka ta tsokani jikokinta, ta ba su labarin asalin gidan. Iyaye kuma su ajiye waya, wanda a ganina shi ne mafi wuya.

Kan tsaraba an ɗan yi saɓani. Wasu sun ce kunyar zuwa hannu rabbana ce ke hana mutane tafiya. Dattawan wurin suka ce sabulu, sukari da ɗan goro sun isa.

An kuma ja kunne: kada a tayar da maganar gado ko rikicin gona a ziyarar kwana biyu. A kamo hanya da safiyar Asabar, a juyo Lahadi kafin la'asar, saboda tafiyar dare yanzu sai a hankali.