Rumawan cikin Alƙur'ani su ne masu lambobin fuskar agogo?

Mai Agogo Bakin Kurmi:

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata gyaran agogo, shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a 'yar rumfata a bakin Kasuwar Kurmi, kodayake waya ta kashe mana kasuwa, yanzu rabin aikin canjin batir ne. Tun ina yaron shago nake ganin I da V da X a fuskar agogo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ce lambobin Rumawa ne, na haddace su, ban ƙara tambaya ba.

To shekaranjiya autana ya dawo daga Islamiyya, ya shiga izu na ashirin, an biya masa farkon Suratur Rum. Muna cin tuwo bayan magariba sai ya ce, "Baba, Rumawan da aka ci da yaƙi su ne suka yi agogunan shagonka?" Na ce ya ci abincinsa tukuna. Yayansa, wanda ba shi da aiki sai gidan kallon ƙwallo, ya yi caraf ya ce ai Roma a Italiya take, can Paparoma yake. Ni kuwa a wajen tafsiri na sha jin cewa a yankin Sham aka gwabza, kuma sunan sarkinsu Hiraƙal. Ina Sham ina Italiya?

Sai ta biyu, wadda ta daɗe tana cina. Mun koya cewa huɗu ita ce IV, amma yawancin agogunan bango da ake kawo min IIII aka rubuta. Kuskuren masu ƙerawa ne? A taimaka min, na yi wa yaro alkawarin amsa kafin Juma'a.

Malamin Tarihi Gwale:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Agogo. Ku da babban yaronku duk kun yi daidai, daula ɗaya ce, daɗewa ta yi har ta canza gida da harshe.

Asalinsu birnin Roma ne a Italiya, wanda su da kansu suke cewa an kafa shi a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga ɗan gari a bakin kogin Tiba suka yi ta cin maƙwabta har suka zagaye teku guda, suna kiransa "tekunmu". Shi ne Bahar Rum da muke ji a labarai idan jirgin 'yan ci-rani ya kife. Masar tasu, Sham tasu, gaɓar Libiya da Tunisiya tasu, har Ingila sun taka.

Da ƙasar ta yi wa sarki ɗaya yawa, a shekara ta 330 Miladiyya sarki Kustantin ya buɗe sabon babban birni a gabas, Kustantiniyya, wato Santambul ta yau. Daga 395 aka rabu biyu dindindin. Ɓangaren yamma, inda Roma take, ya faɗi a 476, kusan shekara ɗari kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Na gabas ya ci gaba da tsayuwa. Girkanci suke yi, Kiristoci ne, amma da za ka tare mutuminsu a kasuwa ka tambaye shi, cewa zai yi shi Barume ne, kuma haka Larabawa suka san su. Sunan Bizantiya da ke littattafan makaranta, masanan Turai ne suka laƙaba musu bayan daular ta mutu.

Waɗannan su ne na cikin sura. Farisawa sun ƙwace Ƙudus daga hannunsu a 614, suka haɗa da Masar. Hiraƙal, wanda ya hau mulki a 610, ya fito da runduna a 622, ya yi ta bin su har ya karya su a Ninawa, kusa da Mosul, a 627. Shi ne dai wanda Dihyatul Kalbi ya kai wa wasiƙar Manzon Allah (SAW), ya sa aka nemo Abu Sufyan yana yi masa tambayoyi. Rundunarsa ce kuma Musulmi suka karya a Yarmuk a 636. Daular ba ta ƙare ba sai 1453, da Sarkin Musulmi Muhammadul Fatih ya ci birnin. Shekara goma bayan nan Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano. Na faɗi haka ne don duk shekara sai na samu ɗalibin da zai ce min Gidan Rumfa daga Rum ya samo suna. Babu haɗi ko na allura.

Maganar IIII kuwa, masu agogo ba su yi kuskure ba. Rumawan da kansu sun fi rubuta ta haka. A babban filin wasansu na Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekara ta 80, an sassaƙa lamba a saman kowace ƙofa don 'yan kallo su san ta inda za su shiga, kuma ƙofa ta 54 LIIII aka rubuta, tana nan har yau. Amma ku gaya wa autan ba su suka ƙera agogo mai tsinke ba, wannan sai bayan 1200 aka fara shi a Turai. Su da inuwa suke auna lokaci, ko da ɗigar ruwa. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta suke raba wa gida goma sha biyu, don haka awarsu ta lokacin zafi ta fi ta lokacin sanyi tsawo. Da a zamaninsu kuke, Malam, da kowane mako sai an kawo muku gyara.

Hajiyar Kwari:

Malam ya gama magana, ni abin da idona ya gani zan ƙara. Ina zuwa Santambul sarin abaya da mayafai, a unguwar Laleli nake sauka. Zuwana na farko, muna cikin tasi sai na ga mun nufi wata doguwar katangar dutse mai bakuna hawa biyu, ta gitta titi, motoci suna kutsawa ta ƙarƙashinta. Na ɗauka ganuwa ce. Yarinyar da take min tafinta ta ce a'a, hanyar ruwa ce, ta samanta ruwa yake bi ya shigo gari, kuma tun kafin shekara ta 400 aka gama ta. Ba inji, ba lantarki, gangara kawai suka auna daga tudu. Wallahi shiru na yi. Ni da na baro gida a Sani Mainagge da famfon da ya shekara uku bai ɗiga ba, kullum sai 'yan garuwa.

Ta kai ni wani tafki a ƙarƙashin ƙasa inda suke tara ruwa, ginshiƙai 336 a tsaye cikin duhu, sanyi kamar ka shiga randa. Na ga ganuwarsu ta ainihi ma a hanyarmu ta ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari, wanda ya rasu a yaƙin neman cin birnin. Ta fi shekara 1,600, an bar ta tana tsaye. Na tuna badalarmu da muka yi wasa a kanta muna yara, yanzu wani wurin ko tudun babu, sai shaguna.

Kuma Malam kun manta da wanda ya fi shafarmu mu iyayen 'yan mata. Dinarin da ake lissafin sadaki da rubu'insa, sunan kuɗinsu ne, dinariyus. Daga bakin Larabawa ya iso mana har muka samu kalmar zinariya.

Ɗan Fagge:

Baba Mai Agogo, ku yi haƙuri in ɗan zuba ruwan sanyi, don na ga Hajiya ta fara son mutanen nan. Wa ya ɗauki duwatsun? Bayi. Filin da Malam yake yabon lambobin ƙofarsa, mutum wajen 50,000 ne ke cika shi don su ga an saki zaki a kan ɗan Adam, ko bayi biyu su sari juna, ba irin damben da muke kallo ba da ake raba su in an kai ƙasa. Da bayin suka yi tawaye ƙarƙashin Sipatakus, a shekara ta 71 kafin Annabi Isa (AS) aka gicciye 6,000 a bakin hanya tun daga Kafuwa har Roma. Birnin Kartaj da ke Tunisiya kuwa ƙone shi suka yi ƙurmus a 146 kafin Annabi Isa (AS), suka sayar da waɗanda suka rage.

Kuma da fitsari suke wankin kaya, har wani sarkinsu Basfasiyan ya sa wa fitsarin haraji. Abin ɗanɗanon miyarsu hanjin kifi ne da gishiri da ake bari a rana ya ruɓe. Wanda ya ci wannan ba shi da bakin raina daddawa.

Malamin Tarihi Gwale:

Ɗan Fagge bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Hajiya, dinariyus ɗin ma na azurfa ne, a hanya ya zama zinare. Tun da an kawo Afirka, sun taɓa yin sarki haifaffen Libiya, Saftimiyus Sabirus, daga 193 zuwa 211, ɗan garin Labda da ke gabas da Tarabulus. Sojojinsu sun yi sansani a Gadamas, garin da daga baya fatakensa suka riƙa ratso Sahara suna sauka a Dandalin Turawa, unguwar Larabawa a Kano. Amma babu shaidar cewa ƙafar Rumawa ta taka ƙasar Hausa.

Mai Agogo Bakin Kurmi:

Allah ya saka da alheri, Malam, ya ƙara ilimi. Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Ɗan Fagge, zancen fitsari dai ba zan kai shi gida ba, don yaron nan sai ya faɗa a Islamiyya.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa IIII take cina. Shekara goma sha biyar da suka wuce wani dattijo daga Yakasai ya kawo min agogon bango na katako, irin wanda ake murɗa wa mabuɗi, ya ce na mahaifinsa ne, daga Makka aka zo da shi. Na wanke injin, na sa mai, ya tashi. Da zan mayar da gilashi sai idona ya faɗa kan IIII. Na ce kai, wannan ai abin kunya ne a zauren babban mutum. Na sa reza na kankare, na samo baƙin fenti da tsinken ashana na zana IV, har da jan kujera baya ina duba ko ta miƙe. Ban karɓi ko kwabo a kai ba, na ce masa kyauta ce. Ya yi ta sa min albarka.

Dattijon ya rasu, amma agogon yana nan a zauren, ɗansa yana aiko min da shi duk bayan shekara biyu. Wata mai kamawa ne lokacinsa. Malam, fentin mai ko na ruwa, wanne kuke ganin zai fi kama da na asali?