Wuƙar injin aske ciyawa ta dawo shuɗiya daga wajen mai walda, wane injin wasa zan saya?

Mai_Gazon_Yantala

Salamu alaikum ’yan uwa. Ni mai aikin lambu ne a nan Yamai, gidaje huɗu nake kula da ciyawarsu, uku a Plateau, ɗaya a Kwara Kano. Tondez ɗin, wato injin aske ciyawa, da nake aiki da ita mai injin Briggs & Stratton ce, tsawon wuƙarta santimita 46. Wani Bature da na yi wa aiki shekara shida ya bar mini ita da zai koma ƙasarsu. Ita ce jarina, ba ni da wata gona.

Tun da damina ta kankama ciyawa ba ta jiran kowa, duk kwana biyar sai na zagayo kowane gida. Sai na lura in na aske, bayan kwana biyu kan ciyawar ya yi fari, daga nan ya koma ruwan ƙasa. Hajiyar Kwara Kano har ta fara yi mini kallon wanda ba ya ban ruwa, alhali sama ma tana zubowa. Na tsinko ganye ɗaya na duba, bakinsa ya tarwatse kamar asawakin da aka tauna. Na ce to, wuƙa ta dakushe.

Na kwance ta na kai wa wani mai walda wajen Katako. Ya taka ta da ƙafa a kan wani guntun ƙarfe, ya ɗauko injin gurza na hannu, wannan da suke ce wa mel, ya bi ta sama ya bi ta ƙasa, tartsatsi na tashi. Ko minti biyar bai yi ba. Ya aske gashin hannunsa da ita don in ga kaifi, na ba shi dala ɗari ina murna. Bakinta dai ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tantabara, na ɗauka alamar kyau ce.

Da na mayar na tayar da inji sai rawa. Hannuwana har sun mutu kafin in gama gida ɗaya. Zuwa gida na biyu bakin wuƙar ya koma kamar haƙoran zarto.

Na tara jika 25, wato sefa dubu 25, ina so in riƙa wasawa da kaina. In sayi ƙaramar mel mai faifan milimita 115? Ko dutsen nan da ake ɗaurawa a bakin injin huda? Baturen ya bar mini wani ɗan ƙaramin injin gurza, Dremel, ma a akwati, ban taɓa jona shi ba. Masu sani ku taimaka, Allah ya saka.

Tsohon_Maƙeri_Tawa

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗi.

Shuɗin nan da ka gani shi ne mutuwar wuƙar taka. Ƙarhe in shina ɗaukar zahi, launi yake canzawa kamar mai ba ka labari. Da farko shi yi ruwan kara, sa’an nan shi yi ja-ja, sa’an nan shuɗi. Masu karatu sun ce in ya kai shuɗi zahin ya kusa digiri 300. Mu ba mu san lissahi ba, amma mun san duk inda launin nan ya taɓa, taurin da anka ba ƙarhen a masana’anta ya hita. Wurin ya zama kamar gwangwani. Ka ga dalilin da ta aske gashin hannu da sahe, ta kasa ciyawa da azahar.

Kuskure na biyu shi ne kaihin kansa. Wagga ba askar wanzami ba ce, ba kuma wuƙar mahauci ba. Da gudu take sare ciyawa. In ka mai da bakinta siriri, tsakuwar farko da ta haɗu da ita za ta nannaɗe shi. Ka bar mata ɗan kauri a baki, wanda in ka shafa da babban yatsa za ka ji shi amma ba ya yanka ka. Kuma gehe guda ake wasawa, na sama, inda gangaren yake tun asali. Ƙasan a shimhiɗe yake, a shimhiɗe za ka bar shi. Abin da za ka yi masa kawai, ka shahe ɗan gashin ƙarhen da ke lanƙwasowa bayan wasa, sau ɗaya ko biyu da magagari.

Gangaren nan wajen digiri 30 ne, kashi ɗaya cikin uku na kusurwar ɗaki ke nan. Ba sai ka auna ba. Shafa masa baƙar tawada, ka goga sau ɗaya, ka duba. In tawadar ta goge a baki kaɗai ka miƙe hannu da yawa, in ta goge can baya ka kwantar da yawa. In ta goge gaba ɗaya, hannunka ya zauna.

Mel ba laihi gare ta ba, ina da biyu a rumfa. Sai dai sauri gare ta, kuma ba ta san gyara da ɓarna ba. Ka ɗaure wuƙar a abin matse ƙarhe, ko ka danne ta a bakin tebur da maɗauri, kada ka taka da ƙafa kamar mutumin naka. Ka bi da injin daga ciki zuwa tsini, shafa guda, ka ɗaga. Kada ka tsaya wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido, balle a tsini inda ƙarhe ya hi siranta. Bokitin ruwa na kusa da kai, duk shafa biyu ko uku ka tsoma. Ma’auni shi ne yatsanka: in ba ka iya ɗora shi kusa da wurin ba, ka yi gaggawa.

Abu guda zan gaya maka da ka riƙe. Masu ƙera wuƙaƙen nan da gangan ba su ba su tauri can-can ba, don in ta bugi dutse ta lanƙwashe maimakon ta tarwatse ta sami ƙafar mutum. Saboda haka in wani ya ce zai sa ta wuta ya tsoma ruwa ya mai do mata tauri, ko zai yanko maka sabuwa daga sifirin mota, ka ce masa ka gode.

Makanikin_Bukoki

Baba ya gama magana a kan wuta, ni rawar injin ce ta dame ni.

Ƙanena, yi lissafi da ni. Injin irin naka yana juyawa wajen sau 3,000 a minti. Da wuƙa mai santimita 46, tsininta na gudun kusan kilomita 260 a awa. Direban da ya fi kowa hauka a hanyar Dosso bai kai nan ba. To a wannan gudu, in mai waldan ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya ko da ɗan kaɗan ne, nauyin nan zai riƙa fizgar sandar injin a kowane juyi. Hannunka ne ya fara ji, amma rulma da robar da ke tare baƙin mai su ne za su biya. In ka ga baƙin mai na tsatsafowa ta ƙasa, aiki ya zo wurina, kuma ba na dala ɗari ba ne.

Gwaji mai sauƙi ne. Kafa ƙusa a bango ko a jikin icce, ta miƙe sosai. Kankare busasshiyar ciyawa da lakar da ke manne a wuƙar tukuna, don su ma nauyi ne. Rataya ta da ramin tsakiya a kwance. Gefen da ya rinjaya ƙasa shi za ka ƙara ragewa, kaɗan-kaɗan, kana sake ratayawa har ta tsaya kamar sikelin mai gaskiya.

In ta daidaita a ƙusa amma inji bai daina rawa ba, to sandar ce ta lanƙwashe, wataƙila ka taɓa bugun saiwa ko bakin siminti. Kwantar da injin, ka juya wuƙar da hannu a hankali kana kallon bulon na tsakiya. In yana lilo, ka kawo shi.

Kafin duk wannan, zare wayar buji, wato filogin da ke ba injin wuta. Ba na wasa da maganar nan. Juya wuƙa da hannu daidai yake da jan igiya, inji mai ɗumi yana iya kamawa. In za ka kwantar da shi, gefen matatar iska da karbirato ya kalli sama, in ba haka ba baƙin mai ya malale cikin matatar, ka tayar ya cika gidan Hajiya da farin hayaƙi. Ka cusa guntun katako ya tokare wuƙar kafin ka sa kile. Ka yi wa gefen ƙasa alama, don na sha karɓar tondez “ba ta yanka” ashe a kife aka ɗaura wuƙar. Fukafukan nan da suka lanƙwasa, cikin inji suke kallo, ba ƙasa ba.

Dremel ɗin kuwa, karanta jikinsa kafin ka jona. In an rubuta 120 V na Amurka ne, wutarmu 220 ce, ƙauri kawai za ka ji. Ko da na 220 ne, ɗan dutsensa bai wuce gyaran fuska ba, ba zai cinye waɗannan haƙoran ba. Dutsen injin huda ya fi shi, yana da robar da ke riƙe maka gangare, ba ya kuma saurin ƙona ƙarfe, amma yana ƙarewa da wuri kuma ban cika ganinsa a kasuwa ba. Ni dai mel 115 zan ce, da faifan nan mai ɓawo-ɓawo kamar bayan kifi, lamba 60. Ya fi faifan dutse sanyi da laushin hannu.

Uwar_Shuka

Ku yi haƙuri maza, zan saɓa muku kaɗan. Ina sayar da dashe a bakin kogi, yarana biyu suna aske ciyawa a gidajen da muka shuka wa. Ba mu da mel. Magagari mai faɗi guda ɗaya muke da shi, duk ranar Juma’a da safe su kwance wuƙa su bi ta, turawa gaba kawai ba ja da baya, minti goma sun gama. Ba ruwansu da an ɗauke wuta ko an kawo. Wanda yake wasawa duk mako ba ya tara aikin da sai inji.

Ɗana, abin da ba a faɗa maka ba shi ne ƙasar Yamai. Gazon ɗinmu, wato ciyawar da muke shukawa a gidaje, a kan rairayi yake zaune. Injin yana zuƙo yashin nan yana watsa wa wuƙar, ga ƙwallon mangwaro, ga tsakuwar marmara da ruwa ke tonowa. Takardar inji takan ce a wasa bayan awa 20 zuwa 25 na aiki, amma masu rubutun ba su san rairayinmu ba. Kuma yashi ba baki kaɗai yake ci ba, gindin fiffiken yake ƙwaƙulewa har ya zama kamar takarda. Wata rana wani guntu ya ɓalle daga tamu, muka same shi a kafe jikin ƙofar gareji. Da yaro ne a wurin fa?

Da ni ce da jika 25, wuƙa ta biyu zan fara nema, sai magagari mai kyau, canjin in sa esansi, wato fetur. Ka ɗan ɗaga ƙafafun injin ma, ka daina aske ciyawa kamar kan jariri ranar suna.

Sudur_Talladje

Hajiya Uwar Shuka gaskiya ne, amma haƙoran da ya kwatanta, da magagari sai ya wuni. Ni mai walda ne, kuma ba zan kare wancan ba. Sai dai ku ma masu kawo aiki kuna da naku, in ba ku ga wuƙa ta aske gashi ba sai ku ce ba a yi komai ba.

Abokina, in ka sayi mel kada ka gurza da siririn faifan yanka, mai kaurin milimita 1. Ba a yi shi don a danna shi ta gefe ba. Injin na juyawa wajen sau 11,000 a minti, in faifan ya fashe ba ka ganin tahowarsa. Ɗinki bakwai ne a haɓata, kuma ni na cire murfin kariya da hannuna don wai yana tare mini gani. Bar murfin a wurinsa, sa tabarau, ka nisanta daga bidon esansi da busasshiyar ciyawa. Faifan dutse da na yanka suna da ranar lalacewa, tana buge a zoben ƙarfen tsakiya. Duba kafin ka biya, akwai waɗanda suka shekara suna shan rana a tebur.

Mai_Gazon_Yantala

Na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara lafiya, a gaida mai rubutu.

Jiya na kafa ƙusa a jikin dogon yaro na ƙofar gidanmu. Ina sakin wuƙar gefe ɗaya ya faɗi ƙasa kamar an ja shi. Sandar injin lafiya lau, na juya ban ga lilo ba, alhamdu lillahi. Dremel kuwa 120 V ne, na mayar da shi akwatinsa.

Sai na bi maganar Hajiya Uwar Shuka na duba gindin fukafukan a hasken rana. Ɗaya ya sirance, akwai wani ɗan layi kamar gashi, na sa farce ya shiga. Ke nan da na sayi mel ma, gawa zan yi ta wa kwalliya. Na cire ta gaba ɗaya.

Na samu wata a wajen mai gyaran injina a Wadata, ta hannu ce amma da sauran nama a jikinta, tsawo da ramin tsakiya sun yi daidai da tawa, na ɗora su ɗaya kan ɗaya na gani. Na haɗa da magagari. Na shafa tawada kamar yadda Baba ya ce, karon farko baki kaɗai ta goge, sai da na kwantar da hannu. Yau na aske gidan Kwara Kano, injin na tafiya shiru, na tsinko ganye na duba, bakinsa a yanke tas.

Mel sai ƙarshen wata in an biya ni. Malam Sudur, in na kawo tsohuwar wuƙar Talladje ranar Lahadi, za ka nuna mini riƙon injin a kanta? Ita dai ba abin da ya rage a ɓata.

Sudur_Talladje

Kawo ta bayan la’asar. Ka zo da tabarau naka, nawa guda ɗaya ne.